Ranar da Kaka Ta Zo Ƙwace Wayar Tsinke

"Sannu da jiki, maigida. Ko in ce sannu da ƙarya?"

Haka kakar Tsinke ta gaishe shi tun daga ƙofar ɗakin marasa lafiya, kafin ma ta ajiye jakarta. Ina gefen gadon ina yanke masa farce. Yau wata biyu da rasuwarsa, amma har yanzu in na rufe ido wannan yammacin nake gani.

Tsinke abokina ne tun muna yara. Shagon aski ɗaya muka buɗe, kujerarsa kusa da tawa. Akwai wani mai kawo labarin ƙwallo a rediyo, mai ihu kamar gobara ta tashi, Tsinke ya iya kwaikwayonsa har da yadda yake jan numfashi. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, sai ya buɗe shafi a waya, yana rubuta labarin gidansu da na asibiti da salon mutumin nan. In nas ta yi masa allura, sai ya rubuta cewa an yi masa ƙeta alƙalin wasa bai gani ba. Hannunsa ya daina riƙe almakashi, amma yana iya danna waya, abin da ya rage masa ke nan. Ranar kuwa babansa ya rantse sai an karɓe wayar saboda abin da ya rubuta da safe, kakar ta ce ita za ta zo da kanta.

Tsinke ya ɗago kai daga matashi ya ce, "Lale da amaryata. Wa ya sako ki daga benci?"

"Ka ji shi ko? Innalillahi! Mutum a kwance, ruwa na ɗiga a hannunsa, amma bakinsa ya fi na mai lafiya." Ta juyo kaina. "Kai ɗan rakiya, karanta min abin da ya rubuta. Da kunnena nake so in ji."

Na dubi Tsinke, ya ɗaga min gira. Na ɗauki wayarsa na karanta.

"Labari da ɗumi-ɗuminsa! Majiya mai tushe ta tabbatar mana cewa tsohuwar 'yar wasan baya, mai shekara tamanin da ɗoriya, ta bar ƙungiyar Gidan Baffa ta koma ƙungiyar Gidan Gwaggo a matsayin aro. An ce ta samu saɓani da koci kan yawan gishiri a abinci. An ga jakarta a bayan mota da ƙarfe bakwai na safe."

Kaka ta dafe ƙirji ta zauna a kan kujerar roba.

"Tamanin da ɗoriya? Ni? Kana wurin aka haife ni?"

"Na rage miki ma, Amarya, don kada kasuwarki ta faɗi."

"Kasuwar ubanka! Wace ce koci?"

"Matar Baffa mana."

"To ka sani tun safe take kuka a ɗaki. Baffanka ya baro wurin aiki ya zo yana tambayata me aka yi min. Ƙanwata ta kira ni sau huɗu, wai ta ji an kore ni. Ni da na je jinyar ƙafar gwaggonka, kwana goma kawai!"

"Ai shi ya sa na ce aro. Ban ce kora ba."

"Zancen gishirin fa, wa ya gaya maka?"

"Ɗan jarida ba ya tona majiyarsa."

"Ni ce na gaya maka! Nan, a kan kujerar nan, ranar Talata, na ce kada ka faɗa wa kowa!"

"Ban faɗa ba. Rubutawa na yi."

Ni dai na sunkuyar da kai ina duban farcen da na yanke. Wani tsohon direba da ke gadon gefe ya ja labule ya leƙo.

"Inna, ke ce 'yar wasan bayan? Wallahi ni ina bayanki. Gishiri ba shi da kyau ga manya."

Kaka ta buɗe baki ta kasa rufewa. Ta dubi direban, ta dubi Tsinke, ta dube ni.

"Har wannan bawan Allah ya sani? Mutum nawa suka karanta?"

Na duba na ce, "Dubu goma sha ɗaya, Kaka."

"Dubu me? La'ilaha illallahu! Ni da ko hoto ba na yarda a ɗauke ni! Me suke cewa?"

Tsinke ya karɓe zancen. "Wani ya ce lokaci ya yi da za ki yi ritaya. Wani ya ce a ba ki kyaftin. Wani kuma yana tambaya ko kina da miji."

"Ka ce masa ina da shi, ga shi nan a kwance kamar tsumman goge takalmi. Mijin da ko iska ta kaɗa sai an riƙe shi."

"Duk da haka kika biyo ni har asibiti."

"Wayar na biyo. Miƙo."

Ta fizge ta daga hannuna, ta jefa cikin jaka, ta ja zif. Na zaci Tsinke zai mayar da wata baƙar magana, amma bai yi ba. Ya juya kai ya zuba wa jakar ido. Can ya ce, a hankali, da muryarsa ta gaske:

"Kaka, in kin tafi da ita, me zan yi daga safe zuwa yamma? In yi ta kallon ruwan nan yana ɗiga?"

Tunda nake da shi ban taɓa jin ya kira ta Kaka ba sai ranar. Ita ma na ga ta ji. Ta dubi hannunsa da ya kumbura, ta dubi filastar da ke riƙe da allurar. Sannan ta gyara zama ta tsuke fuska.

"Tsaya ma tukuna. Mene ne aro a wurin 'yan ƙwallon?"

Direban ya yi wuf ya amsa. "Ɗan wasan da ba a cika buƙata ba ne, Inna. In ba wanda ya zo nemansa, sai a ba wata ƙungiya ta ɗan riƙe."

"Ba wanda ya zo nema?" Ta miƙe tsaye. "Ni? Aro? Kamar tsani? Kamar bokitin maƙwabta? Kai Tsinke, kakanka shekara biyu ya yi yana sintiri a layinmu, takalminsa har ya cinye. Mutum bakwai suka nemi aurena, ɗaya har da mota!"

"A zamaninku akwai mota?"

"Rufe min baki! Wannan ƙaryar ba za ta kwana a duniya ba. Mutum dubu goma sha ɗaya su ɗauka ba mai so na?"

Ta buɗe jakar, ta ciro wayar, ta dangwara masa a ƙirji.

"Rubuta. Da irin ihun nan naka."

Ya ɗauka. Fuskarsa ta dawo kamar ta wanda na sani a shago.

"Ina jin ki, ranki ya daɗe."

"Ka ce ƙungiya uku ke faɗa a kaina, har da gidan ubanka. Ka ce kwana goma zan yi in koma wurina. Ka ce koci mutuniyar kirki ce, ba wanda ya kai ta iya abinci."

"Gishirin fa?"

"Ka ce ya ɗan yi yawa, amma an sasanta."

"Shekarun kuma?"

"Sittin."

"Amarya, Baffa ma ya kai sittin da biyu."

Nan ta kasa daurewa. Ta fashe da dariya har tana riƙe ƙarfen gado, direban na taya ta, nas ta leƙo tana cewa mu rage murya. Na ga ta kai gefen mayafi ta goge ido, ta daɗe tana gogewa fiye da yadda dariya ke sa mutum.

Na ce, "Kaka, in babansa ya tambayi wayar fa?"

"Ni na haife shi. Ya zo ya karɓa a hannuna in ya isa."

Tsinke ya ce, "Labari irin wannan sai da hoto."

"Allah ya kiyaye!" in ji ta. Sai kuma ta gyara ɗankwali, ta matso ta zauna a bakin gadon, ta ɗora hannunta a kan kansa. "Kai ɗan rakiya, ɗauka. Ka tabbata ka ɗauko mijin nawa da kyau."

Na ɗauka. Dukansu biyu suna dariya, idon Tsinke a rufe. Shi ne hoto na ƙarshe a shafin. Allah ya jiƙanka, abokina.