Rasuwar 'Yar Asali, Wadda Ba a San Asalinta Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, iyalan tsohon mai karanta labarai a gidan rediyo ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amfilifayarsa, na'urar ƙara sautin kiɗa, wadda aka fi sani da 'Yar Asali. Ta cika ranar Asabar da la'asar a kan teburinta na falo, tana da shekara shida.

Marigayiyar mai natsuwa ce. In an kunna ta sai ta ce "ƙis", ta ɗan yi shiru kamar mai gyaran murya, sannan ta saki sautin da har numfashin mawaƙi kana ji. A bayanta akwai ɗan tambarin ƙarfe mai sunan wata ƙasa da ta shahara da ƙera kayan sauti. Saboda tambarin nan mai ita ya sayar da motarsa ya saye ta. Duk Asabar yakan tara abokai, ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku ji hannun mutanen ƙasar nan. Kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba." Mutumin da ya shekara talatin gaban makirufo, wa zai musa masa? Saboda tambarin nan kuma ya kori rediyon mai ɗakinsa daga falo zuwa kicin, rediyon da mahaifiyarta ta rasu ta bar mata, wai kayan 'yan kwaikwayo ba za su haɗa tebur da 'Yar Asali ba.

Ciwon ajali ya fara da "zuuu" a ɓangaren hagu, sai ƙaurin ƙonewa, sai shiru. Mai ita ya kira kamfanin da ya sayar masa da ita sau tara. Sau tara suna sa masa kiɗa a kunne, kiɗan da ko akuya ba za ta saurara ba, wata murya na maimaita masa cewa kiransa na da muhimmanci. Da wata uku suka wuce, ya gaji ya kirawo mai gyaran bakin layi. A gaban abokan Asabar aka buɗe cikinta. Kowane ƙarfe, kowace waya, tambarin ƙasar 'yan kwaikwayon da yake zagi ne a jiki, ƙasar da aka ƙera rediyon kicin. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Washegari kamfanin ya amsa, bakin da ya ƙi buɗuwa wata uku. Wai tambarin bayanta gaskiya ne, tunda a ƙasar da ya ambata aka ɗaure sukuru huɗun ƙarshe. Wai kuma tunda baƙon hannu ya kwance su, garanti ya tashi. Ashe sukuru huɗu mutumin ya saya da motarsa. Allah wadaran rashin kunya irin wannan!

Iyalan na shaida cewa marigayiyar ba ta taɓa yin ƙarya ba, ƙarya aka manna mata. Zaƙin muryarta na gaske ne, aikin wasu bayin Allah ne da aka ɓoye sunansu, mai ita kuma ya shekara shida yana zaginsu a gabanta. Yana neman afuwarsu.

Ta rasu ta bar lasifika biyu marayu, rimot ɗaya, kwalin da ko ƙura ba a bari ta taɓa ba, da 'yar uwarta ta jini, rediyon kicin, wadda har yau lafiyarta ƙalau.

Za a yi jana'iza Asabar mai zuwa da hantsi, a harabar mai sayen tsofaffin ƙarafa. Tambarin da sukuru huɗun za a mayar wa kamfanin, tunda su kaɗai ne nasu, kuma kada wakilinsu ya kuskura ya zo. Masu ta'aziyya kada su nufi falo. Jiya mai ita ya je da hannu biyu zai mai da rediyon kan teburin marigayiya, mai ɗakinsa ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Bar ta nan, Malam, ta saba." A ƙofar kicin za ku same shi, zaune a kan kujera 'yar tsugunno.