Yaƙin Tsoka Ɗaya a Ƙoƙon Kan Sallau

Da sunan Mai halittar kawuna, wanda Ya zuba wa kowane kai fadawansa. Wannan tarihin Sallau ne ɗan Barau ɗan Tunau, tattaɓa-kunnen Gagarau wanda ya taɓa marin jaki don ya harare shi. Sallau garwashin Unguwar Maƙera, tafasa ba wuta, sadaukin da ya yi wurgi da kwanon miya saboda ƙarancin gishiri, har matarsa Ladiyo ta yi yaji ta bar shi da garin kwaki da nadama.

Ranar biko ya ɗauki taubashinsa Mati ɗan rakiya. Babban kuskure ke nan, domin taubashi ko hularka ya fizge a tsakiyar kasuwa, al'ada ta ce dariya za ka yi. Surukin Sallau ya sauke su a zaure, ya ce, "Ku taɓa abinci, bari in ji ta bakin yarinyar. Amma in na ji an ɗaga murya a gidan nan, Sallau, kai kaɗai za ka koma."

Aka kawo tuwo da miyar kuka, da tsoka ɗaya tilo tana ninƙaya. Gwarzonmu ya lallaɓa ta gabansa, ya binne ta a gindin tuwo don lomar ƙarshe. Mati ya miƙa hannu ya tono ta, ya jefa baki yana cewa, "Tsintuwa na yi, ɗan kawu."

Nan take daular ƙwaƙwalwa ta girgiza. Sarkin Kururuwa, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa, mazaunin can ƙurya wanda bai san shawara ba, ya buga gangar yaƙi, ya aika manzanni zuwa ga zuciya ta yi ta dukan ƙirji, zuwa ga kunnuwa su ɗau zafi, zuwa ga hannun dama ya dunƙule da miyarsa da komai. Ma'ajin Tunani, munafukin Allah, ya buɗe rumbu ya zazzago duk laifin Mati tun daga ƙosan da ya ƙwace suna yara. Harshe ya wasa takobinsa, rundunar ashar ta yi sahu a maƙogwaro tana ihu, "A far masa!"

Sai ga Waziri Hankali, dattijon bayan goshi, wanda kullum a makare yake isowa fada, yana jan takalmi. Ya san shi kaɗai ba ya iya wa ɗan gyaɗar nan. Ya roƙi Sarkin Numfashi ya ja iska doguwa, ya sake ja, har gangar ta fara sanyi. Sannan ya ja Ma'aji gefe ya ce, "Kai, ba ka da wani kaya a rumbun nan sai na Mati?" Ma'aji ya sosa ƙeya, ya fito da ɗakin Ladiyo a rufe, da murhu ba wuta, da muryarta in tana yi wa kaji faɗa. Wallahi sai kewa ta kama daular baki ɗaya. Hannu ya saki, rundunar ashar ta watse ba a ko yi mata sallama ba, kuma Sallau ɗan Barau, gumi na tsiyaya, ya furta kalmar nasara: "A ci lafiya."

Babu marubucin tarihi a wurin. Ladiyo ce kawai ke leƙe ta kafar zana, ita kuwa ba ta jira kiran mahaifinta ba, ta fito da ƙullin kayanta a ka.

A hanya Mati na tafe a baya, idanunsa jajur, yana ta tari. Ladiyo ta matso kusa da mijinta ta ce, "Abin da ka binne ɗin nan fa ba nama ba ne. Guntun citta ne."