Tagar Madafi da Raƙumin Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na huda wa madafinmu taga. Ko na so in manta, mutanen Gumel ba za su bari ba.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zuwa ba. Na kai itace barikinsu, na leƙa inda kuku yake girki, sai na ga haske tar kamar tsakar gida. Na dawo na dubi namu: duhu, hayaƙi, matata Tabawa tana laluben gishiri tana hawaye. Na ce wallahi sai an huda.

Magini ya ce, "Kakanninmu ba su yi wa madafi ido ba, kuma bangon nan hanya yake kallo." Na ce ya ɗaga ta sama, inda mai wucewa ba zai hango mini mata ba. Aka kirawo Dogo mahauci ya yi ɗage, bai ga komai ba. Na sa shi ya hau jaki, nan ma bai gani ba. (Kun ga na yi lissafin mutum, na yi na jaki. Raƙumi ne bai zo mini a rai ba.)

To, akwai abin da ban gaya wa magini ba: ƙanzo. Magidanci ne ni, da gemuna, amma in na ji ƙanshin ƙanzon tuwon gero sai hankalina ya tashi. Namiji kuwa ba ya shiga madafi, balle kankare tukunya. Shekara da shekaru duhun nan yana rufa mini asiri, Tabawa tana zargin akuya (har ta taɓa dukanta, Allah ya yafe mini).

Rannan ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Na tuɓe riga, na rungumi tukunya, na zauna daidai inda hasken ya sauka, ina kankara ina kaiwa baka. Sai hasken ya ɗauke ɗif. Na ɗaga kai, na ga rawani a taga. Surukina ne, Baba Jatau falken kanwa, ya taso daga Maigatari bisa raƙumi. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba!

Bawan Allah ya so ya wuce, amma raƙumin ya ji ƙanshi ya tsaya cak. Ga shi mun haɗa ido, dole a gaisa.

"Sannu da aiki, Malam."

Bakina cike. Na durƙusa da tukunya a ƙirji na ce, "Mmm."

"Ina gajiya? Ina iyali?"

"Mmm."

Da ƙyar na haɗiye, na ce, "Baba, tukunyar nake dubawa, an ce ta tsage."

"Madalla," in ji shi. "Mu can da ido muke dubawa."

Ana cikin haka, raƙumin ya zuro kai ta tagar yana shinshina hannuna. Ni kuma don ruɗewa na miƙa masa na ce, "Bismillah." Ya ci. Ya zo fita, kai ya maƙale.

Sai da aka kirawo magini ya faɗaɗa tagar, rabin unguwa na kallo, ni ina ciki ba riga, raƙumi na zuba mini yawu. Kunya kamar in nutse. Tabawa ta dawo, ta dube ni, ta dubi tukunya. Ta je ta ɗebo dusa ta ba akuya haƙuri.

Na so in toshe tagar, ta ce ba a isa ba, yanzu tana ganin gishirinta. Baba Jatau kuwa har ya rasu bai tayar da zancen ba. Sai dai duk zuwansa da ƙullin ƙanzo, ya ce, "A ba yara." Mu kuwa lokacin ko ɗa ɗaya ba mu da shi.

Tun daga nan in mutum ya ce mini zai huda taga, sai in ce ya fara tambayar kansa wa duhun yake yi wa aiki.