Gaisuwar Suruki a Hawan Dalijan

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na gaida mahaifin matata a kwance ba, keke a kaina, ƙafafuwa a sama. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, ko a gaban ɗalibai nake sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Kalgo, ina kuma neman auren Kulu, ma'aikaciyar jinya, 'yar Malam Jabbi na Dalijan. Ni da ita mun gama magana. Manyana sun kai gaisuwa, an ce su dakata a yi bincike a kan halina, za a aiko da amsa. Malam Jabbi kuwa Bafulatani ne mai tsananin kunya, irin dattawan da ko sunan ɗan farinsu ba sa kamawa. Sau ɗaya na taɓa zuwa gabansa, cikin babbar riga, kai a sunkuye, murya kamar ta mai jinya. Kulu ta ce ya yaba, ya ce yaron kamili ne. Wannan kalma ta kamili ita ce kaɗai abin da na dogara da shi, don ba ni da saniya ba ni da gona.

Ana cikin wannan jira ne abokina Sanusi ya ja ni cikin ƙungiyarsu ta masu hawan keke. Duk Asabar da sassafe sukan fita su yi ta taka feda, hawa da gangara, su dawo suna alfahari da ciwon cinya. (Ni tumbi ne ya kai ni. Kulu ta taɓa kallonsa ta tambaye ni wata nawa.) Sanusi ya ara mini kaya: hular kwano, baƙin tabarau, riga mai kama jiki, da wani gajeren wando ɗamamme mai soso a mazaunai. Sai takalmi na musamman wanda ke maƙalewa a jikin feda, ba ya fita sai ka murɗa dunduniya waje. Ya nuna mini yadda ake yi, na ce na gane. Malamin makaranta ai ba ya cewa bai gane ba.

Da na tsaya gaban madubi cikin wandon nan sai da na yi istigfari. Amma na lallashi kaina, na ce ai daji za mu bi, wa ya san ni?

Sai da muka yi nisa na ji ana cewa yau a Gwandu za a sha fura. Hanyar ta Dalijan ta bi, kuma na san da hantsi Malam Jabbi yakan zauna da dattawa kan tabarma a gindin wata tsamiya a bakin titi, daidai inda wani dogon hawa ya ƙare. To, gaba kura baya sayaki. In na tsaya gaisuwa, ya gan ni cikin wandon da ko a ɗakina nake jin kunyarsa. In na wuce ba gaisuwa ya gane ni, na zama mara tarbiyya. Sai shaiɗan ya kawo mini shawara: ga hula, ga tabarau, ka shige tsakiyar jama'a ka wuce abinka, ko uwarka ba za ta shaida ka ba. Wallahi na karɓi shawarar hannu bibbiyu.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne hawan. Tun daga gindinsa numfashina ya fara fita kamar zugazugin maƙeri. Ɗaya bayan ɗaya suka wuce ni, har wani ɗan fansho mai furfura, ya wuce yana ce mini sannu. Tsakiyar jama'ar da zan ɓuya a ciki ta haye ta bar ni. Ina hangen su suna ɗaga wa dattawan hannu suna wucewa. Na rage ni kaɗai a kan titi, ina tafiyar da ko akuya mai ciki za ta riga ni.

Duk da haka na kusa tsira. Na sunkuyar da kai, na zo daidai tsamiyar, ba wanda ya kula. Sai Sanusi, wanda ya tsaya a can sama yana jirana, ya buɗe murya don ya ƙarfafa mini gwiwa:

"Angon Dalijan! Taka mana, ka iso garin surukai!"

(Ya rantse mini daga baya bai san surukin yana wurin ba. Har yau ban gama yafe masa ba.)

Duk kawunan da ke kan tabarmar suka juyo. Ba sauran ɓuya. Na damƙe birki, na tafi sauke ƙafa, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Na fizga, na sake fizga, murɗa dunduniya kuwa ta gudu daga kaina. Keken ya tsaya cak kamar mai tunani, sannan a hankali, ba gaggawa, ya kwanta da ni a bakin tabarmar dattawa. Ni da ya kamata in tuɓe takalmi tun daga nesa, ga ni takalmin ma ya ƙi rabuwa da keke.

Daga nan ƙasa na ce, "Baffa, an tashi lafiya?"

Malam Jabbi ya kawar da kai wajen gonaki. "Lahiya lau," ya amsa wa gero.

Wani dattijo a gefensa ya leƙo fuskata. Kawun Kulu ne, kuma shi aka ɗora wa binciken halina.

"Wanga ba shi na malamin Kalgo ba? Subhanallahi! Yaro, ɓarayi sunka tare ku sunka kwashe sutura?"

"A'a Kawu, motsa jiki muke yi."

"To mi as samu bayanka ya kumbura haka? Ka gwada ma Kulu, ai aikinta na."

Dattawa suka yi ta tarin da ba na mura ba. Sanusi ya gangaro ya ɓalle ni daga feda. Na durƙusa ina jan riga don ta rufe gwiwa, rigar da ko cibiya da ƙyar ta rufe. Malam Jabbi bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya zare mayafin da ke kafaɗarsa ya miƙa wa Kawu, Kawu ya yafa mini a cinya. Da dariya ya yi mini da ta fi sauƙi. Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Haka na ɗaura mayafin suruki kamar zane, na tura keke har bayan gari, takalmi yana ƙwas-ƙwas a kan kwalta. Furar Gwandu ko ɗanɗanonta ban ji ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Na riga na yanke wa kaina hukunci, aure ya tafi. Ko kiran Kulu na kasa yi. Ita ce ta kira, kuma sai da ta gama dariyarta tsaf kafin ta iya magana.

"Baffa yac ce a ba ka."

Na ce, "Ni?"

"Kai. Yac ce duk sunka wuce suna ɗaga mashi hannu kamar 'yan siyasa, kai ɗai kat tsaya. Yac ce yaron da za shi zube ƙasa da kekenai don shi yi gaisuwa, ko babu sutura akwai tarbiyya. Kawu kuma yac ce a roƙe ka, ranar ɗaurin aure ka taho da wando."

Yanzu 'ya'yanmu biyu, kuma har gobe Malam Jabbi yana ba baƙi labarin ladabina, yana cewa samarin yanzu su yi koyi da ni. Ni da na yi niyyar wuce shi kamar ban taɓa ganinsa ba! Duk lokacin da ya fara, sai in sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka wannan ma ladabin ne.

Abin da na koya shi ne, idan Allah ya rufa maka asiri har manya suka fassara abin kunyarka da tarbiyya, ka ja bakinka ka yi shiru. Sannan ka riƙa tafiya da dogon wando a jaka, don ba kullum suruki ke fitowa da mayafi ba.