Muciyar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara taka gidan su Ramatu a Salaga ba. Lokacin ina sabon malamin firamare a Bawku, ƙarshen shekarun tamanin, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro alli. Ramatu ta ce in zo in gaida mahaifinta kafin manyana su kawo goro, ta kuma gargaɗe ni cewa in bai yarda da mutum ba, magana ta ƙare.

Na sauka daga mota da farin yadi (wanda ya koma ja tun kafin Yendi), na shiga gidan da sallama. A tsakar gida na tarar da wani dattijo da tsohuwar singileti, ya take ƙarafan da ke riƙe tukunya da ƙafafunsa, yana tuƙa tuwo. Na ɗauka ɗan aiki ne. Na ajiye jakata a gabansa na ce, "Baba, Alhaji na ciki?"

Ya ce, "Yana kusa. Zauna, ticha."

Da na yi shiru, da na tsira. Amma bakina ya ce sai ya nuna ilimi. Na ce, "Baba, matan gidan nan ba su da tausayi ne? Namiji da muciya! Mu a gidanmu namiji ko ƙofar madafa ba ya leƙawa."

(Ƙarya nake. Mahaifiyata tuwo take sayarwa a tashar Bawku, ba ta da 'ya mace, ni na tuƙa mata shekara takwas. A bayan zana nake yi, don kada abokaina su kira ni Ladi.)

Sai ga Ramatu da kofin ruwa. Ta durƙusa gaban mai singiletin ta ce, "Baba, shi ne wanda na gaya maka."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Daga ɗaki wata mata ta leƙo, hannunta na dama a lanƙwashe a ƙirji. Mahaifiyar Ramatu ce. Shekara goma sha biyu da hannun ya shanye, tun daga nan Alhaji yake dawowa daga kasuwar doya ya ɗora tukunya, don ta ce tuwon kowa ba ya mata daɗi sai wanda ta tsaya a kansa, shi kuma ba ya gajiya da faɗanta.

Alhaji ya sauke ƙafafunsa daga kan ƙarafan. Ya miƙo mini muciya ya ce, "Riƙe mini, zan yi alwala. In ya yi gudaji, Hajiya ba ta ci."

Na tsaya da muciya a hannu. In na nuna ban iya ba, na ɓata abincin marar lafiya. In na tuƙa, asirina ya tonu. Ina cikin wannan tunani tuwon ya fara kamawa, ai kuwa ƙafafuna suka hau ƙarafan da kansu. Na yayyafa ruwa, na murza shi jikin tukunya, na kwashe malmala shida sumul.

Hajiya ta ɗanɗana ta dubi mijinta. "Alhaji, wannan ya fi naka."

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ticha, hannunka ya fi bakinka gaskiya. Hannun zan ba 'yata. Bakin, ka bar shi a Bawku."

Abin da ya fi ƙona ni a hanyar komawa shi ne, don in zama namiji a idon baƙo, na yi musun uwar da ta ciyar da ni da muciyar nan. Har yau in na ji bakina zai fara bayanin aikin maza da na mata, sai in tashi in duba ko ruwan tuwo ya tafasa.