Yadda Za Ka Kama Tuna Mai Nauyin Saniya a Gaban Surukinka

Ka zo wurin da ya dace. Sunana Fintan, malamin lissafi ne ni, kuma sau ɗaya na taɓa kama tuna, ƙaton kifin teku, a rayuwata. Sau ɗayan nan ya ishe ni in koyar da duniya. Bi matakai bakwai ɗin nan, na ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari za ka kama kifin da ya ninka ka uku a nauyi, ka koma gida ko ƙaya babu a hannunka, ana yi maka barka.

1. Fara samun surukin da ya raina ka

Idan ba ka da shi, dakata ka nemo, don babu mai cikakken hankalin da zai ja da tuna haka kawai. Nawa Manus Boyle ne, mai jirgin ruwan da ke kai masu fatsa teku daga ƙauyen Teelin. Shekara tara ina auren 'yarsa Dervla, shekara tara bai bar ni na taka jirgin nan ba. Wai hannun da ya saba da alli ba na teku ba ne. Nakan yi dariya in ya faɗa, amma abin yana cin raina, domin ina son tsohon nan, kuma ina so ya ɗauke ni ɗan gida.

Bara a watan Satumba wani baƙonsa ya fasa zuwa. Dervla ta ajiye waya ta dube ni.

"Baba ya ce ka zo ranar Asabar. Fintan, don Allah ka rufa mini asiri. Sau ɗaya yake gayyatar mutum. In ka ba da kunya, daga tudu za ka riƙa hango jirgin nan har ka tsufa."

2. Zaɓi sanda

Gajeriya, kakkaura, mai lanƙwasasshen gindi. Kada ka kuskura ka sayi doguwa don ta fi kyau a hoto. Tsawon sanda ribar kifi ne, da shi zai ɗaga ka sama.

A shago, ka ɗauki sandar, ka ɗan tanƙwara ta, ka runtse ido ɗaya, ka ce "Hmm." Kada ka ƙara ko kalma. Masana sun tabbatar rabin ilimin fatsa yana cikin wannan "hmm" ɗin, ɗaya rabin kuma babu wanda ya san inda yake. E, jirgin surukinka cike yake da sanduna da suka fi taka. Saya dai, ya san da gaske kake.

3. Zaɓi injin naɗe zare, ka gwada birkinsa

Nemi mai girman tukunyar miya, mai gudu biyu: na sauri don lokacin da kifi ya nufo ka, na ƙarfi don lokacin da ya tuna ba ya son ka. A gefensa akwai birki, wanda ke hana zare zuba a banza. Dole ka san ƙarfinsa tun a gida.

Ga yadda gwanaye ke yi. Ka ɗaura ɗamarar da ake maƙala injin a jiki, ka ƙulla bakin zaren a bayan motar matarka, ka ce ta ja a hankali. Ka jaddada "a hankali". Dervla ta ce ba ta ji wannan ɓangaren ba. Na ratsa shingen maƙwabciyarmu Nuala a kan cikina, sanda a sama, ban sake ta ba. Tsohuwar ta leƙo ta taga da kofin shayi a hannu.

"Malam, kai ka kamo ta, ko ita ta kamo ka?"

4. Koyi doka tun jirgi bai tashi ba

Condy, abokin aikin Manus na shekara talatin, shi ya karanta mini ita yana shafa wa burodi man shanu.

"Doka uku ce, ɗan boko. Ba a yin fito da baki a jirgin nan, iska ake kira da shi. Kifi ba naka ba ne, lamba za mu maƙala masa mu sake shi, haka hukuma ta ce. Ta ukun kuma, daga sa'ar da ka riƙe sanda, in wani ya taɓa ta, ko zaren, ko injin, ko da ɗan yatsa ne, to ba kai ka kama ba."

"In na gaji fa?"

"Sai ka ce ungo, mu karɓa. Akwai wani likitan haƙori daga Sligo, minti ashirin ya yi ya ce ungo. Yau shekara shida Ungo ake kiransa, har matarsa."

Manus yana bakin sitiyari, bai ko waiwayo ba.

5. Tabbatar kai kaɗai ne a tsaye

Bisa al'ada baƙi ne ke fara riƙe sanda. Namu Jamusawa biyu ne, ƙarti, da kayan kamun kifi har a hula. Muna wuce duwatsun bakin gaɓa teku ta fara rawa, su kuma suka rungumi bokiti ɗaya suna karɓa-karɓa. Kai ma amai zai taso maka. Haɗiye, ka zuba wa nesa ido kamar mai tunanin al'amura masu zurfi.

Wajen hantsi tsuntsaye suka fara faɗowa ruwa ta ko'ina. Sai na ga wani abu baƙi-shuɗi ya yi tsalle sukutum a bayan kifayen robar da muke ja don yaudarar kifi, ya faɗo, ruwa ya tashi. Injina ya kwarma ihu. Condy ma ya kwarma. Ni na fi su duka.

"Kai, malamin lissafi!" in ji Manus. "Tsayawa za ka yi kana lissafa shi? Ɗauki sanda!"

6. Yi faɗa da ƙafa, ba da hannu ba

Dabarar mai sauƙi ce. Ka yi baya kamar za ka zauna a kujerar da babu, nauyinka ya ɗaga sanda. Ka miƙe kana naɗe ɗan zaren da ka samu. Ka maimaita sau dubu huɗu. Duk abin da ka tara a rabin sa'a, kifin zai kwashe shi cikin numfashi uku, don haka kada ka saba da shi.

Minti goman farko ina dariya ni kaɗai, har waƙa na yi. Bayan sa'a guda na daina waƙar. Kifin ya nutsa ƙarƙashin jirgi yana zagaye. Sai wata igiyar ruwa ta ɗaga mu ta gefe, takalmana suka zame, na tafi suuu har cinyoyina suka bugi bakin jirgi. Na ga ruwa kore a ƙasan hancina.

Sai na ji an cafke ɗamarata ta baya da hannu biyu. Manus ne. Ya bar wa Condy sitiyari, ya kafa ƙafafu, ƙirjinsa a gadon bayana.

"Condy, ka shaida! Mutum na riƙe, ban taɓa sanda ba!"

"Na shaida!"

Ni kam na gama. Hawaye da majina sun haɗu, na buɗe baki. "Baba, ba zan iya ba. Un..."

"Ƙarasa kalmar nan ka gani, in jefa ka ruwa da kaina, in ce wa Dervla kifi ya cinye ka. Zauna! Miƙe, naɗa! Zauna!"

Minti arba'in muka yi haka, ina zama yana zama, ina miƙewa yana miƙewa, mutum mai shekara saba'in da ɗaya, yana zagina a kunne ba hutawa. Ban taɓa jin zagi mai daɗi irin wannan ba.

7. Sake shi

Kifin ya taso a gefen jirgi, ya kwanta a kan haƙarƙari, idonsa kamar faranti. Condy ya rage gudun jirgi, ya zo ya kama bakin zare dab da ƙugiya, inda doka ta yarda a taɓa in kifi ya iso gefen jirgi, abin da ke nufin an kama ke nan, kuma ni na kama. Ya auna tsawonsa, ya maƙala masa lamba, ya zare ƙugiya. Muka ja shi a hankali har ƙarfinsa ya dawo. Ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya jiƙa mu sharkaf, ya yi ƙasa abinsa. Jamusawan suka tafa daga kwance.

Condy ya cire mini sandar. Na so in juya, na kasa, domin har yanzu ana riƙe da ni.

"Baba, ai kifin ya tafi."

"Na gani, ba makaho ba ne ni."

"To, sake ni mana."

"Yatsuna ne suka ƙage. Sanyi ne. Tsaya nan, kada ka motsa."

Na tsaya. Mun fi minti biyar a haka, muna kallon ruwan da babu komai a cikinsa, ina jin numfashinsa a ƙeyata, farin ciki ya cika ni har na rasa inda zan sa shi. Daga baya Condy ya zo ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana tsaki, Manus yana kukan zafi.

Da muka iso gaɓa ina ɗaure igiya, Condy ya matso ya rage murya.

"Ɗan boko, kada ka ce ni na gaya maka. Yatsun nan lafiyarsu ƙalau. Ina taɓawa suka buɗe."

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba shi da alhakin ciwon baya, ko karyewar shinge, ko sunan da za a laƙaba maka a gari. Sanda da inji ana samunsu a shago, amma abin da ya riƙe ni ba a sayar da shi, kuma ban san ko naka surukin yana da shi ba. In ka zame, ka waiwaya, ka ga bai bar sitiyari ba, to tsakaninka da teku ne, ni ban taɓa ganinka ba.