Rasuwar Doña Perpetua, Bindigar Fentin Eleuterio

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Eleuterio Barragán na unguwar Tlalpan yana sanar da 'yan ƙungiyarsa, da duk masu hawa dajin Ajusco wasan harbin fenti, cewa bindigarsa Doña Perpetua ta riga mu gidan gaskiya. Rai ya yi halinsa ranar Lahadi, a tsakiyar fili, a gaban jama'a. Abin da ya fi ciwo, a gaban Nicanor Zepeda.

Duk wanda ya san marigayiya ya san mai mutunci ce. Jikinta ja wur kamar zoɓo, kunamarta ba ta jiran a matsa ta sau biyu. Ko a sanyin Ajusco, lokacin da ƙwallayen fenti ke fashewa a cikin bindigogin mutane, ita ba ta taɓa fasa ko ɗaya a cikinta ba. Muryarta kuwa ba a ɓoye take ba. In ta ce tak-tak-tak daga bayan itatuwa, manyan maza sukan tuna cewa suna da iyali. Kowace Lahadi da yamma Eleuterio yakan shimfiɗa mata tawul a teburin cin abinci, ya kwance ta, ya goge zobban robanta ɗaya bayan ɗaya, ya shafa musu giris da kan yatsa. Bai taɓa barin wani hannu ya shiga cikinta ba, kuma da wannan yake tinƙaho.

Tana cikin ƙoshin lafiya har ranar da Nicanor ya zo da sabuwa. Nicanor likitan haƙori ne, uban baftismar 'yar Eleuterio, don haka compadre suke kiran juna. Eleuterio ne ya koya masa wasan tun bai san gaban bindiga da bayanta ba. Sai ga shi da wata baƙa siririya, ba nauyi, ana buɗe ta ba da makulli ba, tulun iska ɗaya ya ishe ta wuni. In ta yi harbi, fut-fut kawai take cewa, kamar atishawar kyanwa. Jama'a suka yi mata caa, kowa yana so ya taɓa. Eleuterio ya ce kayan wasan yara ce, amma ranar ko rabin abincinsa bai ci ba.

"Compadre, tsohuwar taka har yanzu tari take yi?" in ji Nicanor. "Tun daga wajen ajiye motoci nake jin ta."

"Murya ce da ita. Ba irin taka ba, munafuka, ta harbi mutum ba sallama."

"Sirrin a giris yake. Kawo ta in duba maka ita, ai ba baƙo nake ba."

"Je ka ka duba haƙora," in ji Eleuterio. A ransa kuwa ya rantse Perpetua za ta yi shiru fiye da waccan baƙar, kuma ba da hannun Nicanor ba.

Daga nan ajali ya fara kira. Tambayar sunan giris ɗin daidai take da durƙusawa, shi kuwa Eleuterio gwiwarsa ba ta saba ba. Da Nicanor ya tafi cika tulunsa, sai ya leƙa jakar kayan gyaransa, ya ga wani ɗan gwangwani marar suna, ya lakato abin da ke ciki a murfin kwalba. Ƙamshin ya ɗan yi yaji a hanci, ya ce haka kayan tsada suke. Ya je gida ya shafe kowane zobe da shi, har da ƙari, don so.

Man zafi ne, na gwiwar Nicanor. Iyalan marigayiya ba su ɗora wa kowa laifi ba, sai dai suna tambaya, wane irin mutum ne zai ajiye man gwiwa a cikin kayan gyaran bindiga in ba da wata manufa ba.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Zobban suka kumbura, numfashinta ya fara sarƙewa. Ranar Lahadi a fili, da aka busa usur na fara wasa, ta yi tak, ta yi shiru, ta sake yin tak da ƙyar, ƙwallon ya faɗo a kan takalmin Eleuterio. Sai ta ja wani dogon fssss, duk iskar tulunta ta fice. Shirun da yake nema mata ya samu. Yana tsaye riƙe da ita aka yi masa fut-fut a ƙirji.

Ta rasu ta bar bututu biyu, da tulun iska, da ƙoƙon ƙwallaye wanda har yanzu bai san abin da ya faru ba. Ta kuma bar Doña Herlinda, matar gidan, wadda ta ɗauki rashin da ƙarfin hali na ban mamaki, har ta shimfiɗa sabon mayafi a tebur.

Cikin masu ta'aziyya, Nicanor ne ya fara isowa. Ya sunkuya ya sansana gawar, ya ɗago yana danne dariya.

"Ikon Allah, compadre, warin gwiwata take yi. Kwantar da hankalinka, ba mutuwa ta yi ba, suma ce. Ranar Asabar zan zo gidanka da akwatina, in sauya mata zobba. Kafin ka shanye kofi ta tashi."

Eleuterio ya san gaskiya ya faɗa, kuma abin da ke cin sa ke nan. Yana son Perpetua har cikin ransa. Amma in ta tashi a hannun Nicanor, duk harbin da za ta yi daga yau na Nicanor ne. Za a nuna ta a fili a ce, ga wadda likita ya tayar. Ya auna, ya sake aunawa, ya ga gara ya riƙa karɓar bindigar haya irin wadda ake ba 'yan bikin ranar haihuwa.

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Asabar a bayan gidan Barragán, gindin itacen lemo. Za a sa ta a akwatinta, a rufe, a zuba siminti a kai. Akwai kofi da tamales, wato alalar masara, ga duk wanda ya samu halarta. Ana roƙon 'yan'uwa su iso da sassafe, su kuma kama bakinsu, domin Nicanor an ce masa ya zo da la'asar.